Ruwan Rami Na Bakwai

Alhamis, 21 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Likita ta ce in huta mako guda. Kwana biyu kacal na yi, bangon ɗakin nan ya ishe ni. Sadiƙ ne ya sayo mini wannan littafin, wai tunda na ƙi yi masa magana, to in yi wa takarda. Mijin nan nawa akwai haƙuri, Allah ya saka masa. Ya dafa mini shayi da citta, ya fita aiki da azumi a bakinsa.

To ga ni, takarda. Batun Talata ba zan rubuta ba. Batun aiki zan rubuta.

Aikina shi ne in tsaya a kan rami in ƙirga. Kafin a ɗora gini sai an tona ramuka an ga abin da ke ƙarƙashi. Injin yana tura bututu ƙasa, sai a saki guduma a kan wani bakin ƙarfe, ni kuma in ƙirga sau nawa za ta buga kafin ƙarfen ya shiga ƙafa ɗaya. In bugu ya yi yawa, ƙasar da ƙarfi. In ya yi kaɗan, yashin sako-sako ne, kuma irin wannan yashin in yana cikin ruwa, girgizar ƙasa ta taɓa shi, kunu yake komawa. Filin namu yana nan bakin ruwa a Stapleton, unguwarmu a nan New York, tafiyar minti goma daga gidan nan. Bene mai hawa shida za a yi, hawan ƙasa wurin renon yara.

Ramuka takwas ne. Shida na tsaya a kansu daga farko har ƙarshe. Na bakwai muna ƙafa ashirin da biyar na tashi daga kan bokitin da nake zama, na ce wa Baba Yacouba ina zuwa, na tari tasi. Ofis ban kira ba.

Juma'a, 22 ga Maris, bayan la'asar

Baba Yacouba da matarsa Inna Habsatou sun zo, tun daga unguwarsu Morrisania can ɗaya ƙarshen birnin, jirgin ƙasa da jirgin ruwa, da azumi. Shi ne mai tuƙa injin tonon namu, mutumin Tahoua ta Nijar, rijiya yake haƙawa a can kafin ya zo nan ya koyi inji. Shekara uku muna aiki tare bai taɓa kiran sunana ba, sai Injiniya.

Inna ta kawo farfesun kaza da gero dakakke. Ta kalle ni sau ɗaya, ta wuce kicin kamar gidanta. Shi kuwa ya ƙi shigowa. Daga bakin ƙofa ya miƙo mini ɓallin kwali, idonsa a ƙasa.

"Injiniya, ga lissahin ramin. Na ƙarasa shi. Ba wanda ya san ba ki nan, Abdul-Jalil ma na ce mishi wani uzuri ya taso miki."

Abdul-Jalil shi ne abokin aikinsa a kan injin, lokacin ya tafi sayo man dizal.

Lamba uku ne a jikin kwalin: 31, 34, 29. Bai tambaye ni komai ba. Wallahi na gode wa mutumin nan har cikin raina.

Lahadi, 24 ga Maris, da hantsi

Na kwashe abubuwan da ke cikin ƙaramar durowa na sa a akwati, na tura ƙarƙashin gado. Sadiƙ ya ga durowar a buɗe, ya rufe ta.

Litinin, 25 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na koma aiki. Na kwafe lambobin kwalin a takardar rami na bakwai, na sa hannu a ƙasa inda aka rubuta cewa ni na gani da idona.

A kan jirgin ruwa na ci biskit a gaban wasu 'yan Nijar masu shago a Canal Street, titin ofishinmu, da muka saba gaisawa kullum. Sun ga ba na azumi, suka kau da kai suka ci gaba da hirarsu. Alhamdulillahi da mutane masu kau da kai.

Laraba, 27 ga Maris, ƙarfe ɗaya da rabi

Madam Akosua ce babbar injiniyarmu, ita ke buga hatimi a rahoto. 'Yar Ghana ce, ta girma a nan, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Yau ta jera takardun ramukan takwas a kan tebur, ta sa yatsa a kan na bakwai.

"Na shida ya ba da takwas da bakwai a wannan zurfin. Na takwas ya ba da tara. Wannan kuma talatin da ɗaya. Kin tabbata, Hasiya?"

"Ni na ƙirga," na ce.

"To shi ke nan. Filin bakin ruwa haka yake, an sha cika shi da tarkace. In kusurwar nan tana da ƙarfi haka, masu zanen gini za su rage tsawon turakun da za a kafa a wurin."

Turakun nan su ne ƙafafun ginin, ana buga su ƙasa har su tarar da wuri mai ƙarfi. Kusurwar rami na bakwai ita ce mafi kusa da ruwa. Na duba zanen, nan ne ɗakin barcin jarirai.

Ni na ƙirga. Ko kunya ban ji ba sai da na dawo kujerata.

Alhamis, 28 ga Maris, da safe

31, 34, 29. Ina goge haƙori ina jin su.

Juma'a, 29 ga Maris, ƙarfe huɗu

Abu ɗaya ne ke sa sako-sakon yashi ya ba da lamba babba, kuma tun ina makaranta a Zariya na san shi. In ana tono ƙasa da ruwa, dole bututun ya kasance cike da ruwa har baki. In ruwan ya ragu, yashin ƙasa sai ya taso ya cushe a cikin bututun. Guduma sai ta yi ta dukan yashin da ke matse, kai kana ƙirgawa kana murna, alhali ƙarya kake ƙirgawa.

Na je fili na samu Baba Yacouba yana naɗe tiyo.

"Baba, ranar nan, bututun cike yake da ruwa?"

Ya daɗe yana naɗe tiyon. "Ruwan ya yi kaɗan, Injiniya."

"Ya za a yi ya yi kaɗan? Kwatan tanki na bari, da idona na duba. Ya isa ramin har ya yi saura."

"Ya yi kaɗan."

"To me ya sa ba ka kira a kawo ba?"

"In na kira, sai su ce a ba su Injiniya ta yi magana."

Wannan gaskiya ne, kuma ya ƙara mini haushi. Na ce masa nan ba Tahoua ba ne da za a riƙa auna ruwa da cokali, nan ruwa ya kewaye mu ta ko'ina. Na san halinsa ai. Abdul-Jalil ya taɓa barin tiyo yana zuba minti biyu, sai da ya yi masa wa'azin rabin awa. Na ce rowar ruwansa ta ja mana masifa. Ni Hasiya na faɗa wa sa'an mahaifina haka, a tsakiyar fili, da azumi a bakinsa.

"Bon," kawai ya ce, "to" ɗinsu na Faransanci. Ya rataye tiyon.

Asabar, 30 ga Maris, bayan azahar

Inna Habsatou ta sake aiko farfesu ta hannun wata maƙwabciyarsu. Ko dai Baba bai gaya mata abin da na ce ba, ko ya gaya mata amma ta aiko duk da haka. Na ci, kuma ya yi daɗi, abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Litinin, 1 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta shi dalla-dalla, ko zan daina juya shi a kai.

In na yi shiru, Madam za ta buga hatimi ranar Litinin mai zuwa, a yanke turakun kusurwar nan gajeru, a ɗora hawa shida a kai. Wataƙila shekara ɗari ba abin da zai faru. Garin nan ba a san shi da girgiza mai ƙarfi ba, doka ce dai ta ce a yi lissafinta.

In na yi magana, na sa hannu a kan abin da ban gani ba, wannan kora ce, kuma takardar shaidar injiniya da nake nema shekara biyar sai dai in ji ta a bakin wasu. Baba Yacouba kuma ya yi tono babu injiniya a kai, dokar kamfani kora ce. Shekararsa hamsin da takwas. Wa zai ɗauke shi? Kuma don ni ya yi.

Sannan za a tambaye ni ina na je.

Laraba, 3 ga Afrilu, da yamma

Ruwan sama wuni guda. Sadiƙ ya wanke kwanuka, ya goge gas, ya tambaye ni ko ina son kunun gyaɗa. Ya fi mako biyu yana kewaya ni a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike. Shi ma abin ya same shi, na sani. Na kasa buɗe baki ne kawai. Allah ya bar mini shi.

Juma'a, 5 ga Afrilu, ƙarfe sha biyu saura

Ƙasa ta girgiza. A New York. Yau.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci ina zaune a ofis, sai na ji kamar babbar mota ta shigo ƙarƙashin kujerata. Kofin birona ya yi ta kaɗawa, tagogi suna ƙara. Ba a fi daƙiƙa ashirin ba. Muka sauko titi, masu shagunan Canal Street duk sun fito, wani yana salati, wani yana kiran gida a waya yana dariya. An ce daga New Jersey ta taso, ƙarama ce. A nan dai ban ga abin da ya faɗi ba, alhamdulillahi.

Kowa dariya yake yi, ban da ni. Madam Akosua ta dafa ni ta ce, "Kin ga dalilin da ya sa muke ƙirga bugun nan ko?" Wasa take yi.

Juma'a, ƙarfe uku

Na jira aka sauko daga masallaci na kira Baba Yacouba. Na fara da ba shi haƙuri a kan maganar ranar nan, ya ce ya manta. Na ce masa Litinin zan faɗa wa Madam gaskiya, kuma ban san yadda zan cire sunansa daga ciki ba.

"Kar ki cire," ya ce. "Ina kan injin lokacin da ta motsa. Na ga ruwan kududduhi yana rawa kusa ga ramin nan. Tun sannan ban da sukuni. Mu tahi tare."

Na zaci zai roƙe ni in yi shiru. Har na tanadi amsa. Ban samu inda zan yi amfani da ita ba.

Litinin, 8 ga Afrilu, ƙarfe biyu

Baba Yacouba ya zo ofis da farar riga da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ajiye kwalin a gaban Madam kusa da takardar da na sa wa hannu, na faɗi komai. Ba ta katse ni ba. Fuskarta dai ta canza.

"Na tambaye ki, kika ce ke kika ƙirga."

"Na yi ƙarya."

"Ina kika je?"

Baba Yacouba ya miƙe ya ce zai jira a waje. Da ya ja ƙofar na faɗa mata. Da Turanci na faɗa, kalma huɗu, don da Hausa ba zai fito ba. Ta cire gilashinta ta riƙe. Can ta ce da na kira ta a ranar, da ita da kanta za ta zo ta tsaya a kan ramin, kuma ba wanda zai ji dalili. Wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba, wallahi. Kunya ce ta rufe mini ido, na ɗauka ba ni da wata hanya sai ɓoyewa.

Sannan ta kira shi. Ta ce ta gane dalilin da ya sa ya ci gaba da tono, ko da yake laifi ne. Abin da ba ta gane ba shi ne ruwa. Takarda ta nuna akwai kwatan tanki.

"Ina ruwan ya tafi, Mista Yacouba?"

"Ya ƙare, Madame."

"A ina?"

"Ya ƙare."

Sau uku ta tambaya. Na ji kamar in girgiza shi. Ta ce ba za ta buga hatimi ba, za a sake tona rami kusa da na bakwai ranar Alhamis, ita za ta tsaya. Hukuncinmu sai bayan nan.

Da muka fito mutane sun cika titi da baƙin tabarau suna jiran kusufin rana. Ya ce shi masallaci zai nufa. Na raka shi har bakin tashar jirgi.

Laraba, 10 ga Afrilu, da hantsi

Sallah. Sadiƙ ya tafi idi, na zauna. Na yi masa tuwo da miyar taushe, girkina na farko tun ranar. Ya ci kwano biyu.

Alhamis, 11 ga Afrilu, ƙarfe biyar

Tanki cike, bututu cike har yana tumbatsa. Madam a dama, ni a hagu, kowa da takardarta. A ƙafa ashirin da biyar guduma ta faɗi sau shida, ƙarfen ya shige. Na gaba huɗu. Na gaba biyar. Yashin da ya fito toka-toka ne, jiƙe sharkaf, na matse shi a hannu ya zube ta tsakanin yatsuna.

6, 4, 5. Ya fi duk sauran ramukan rauni. A nan ne za a rage turaku.

Madam ta daɗe tana kallon takardarta. Abdul-Jalil ya ce "Subhanallahi" a hankali. Baba Yacouba ya kashe injin ya je ya zauna a kan taya. Ni kuwa na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina da ban san nauyinsa ya kai haka ba. Alhamdulillahi da ƙasa ta motsa ranar Juma'a, kuma ta motsa kaɗan.

Juma'a, 12 ga Afrilu, bayan azahar

Ba a kore mu ba. Ni takardar gargaɗi a fayil ɗina, wata uku ba zan sa hannu a kan komai ba sai wani ya duba, kuma batun shaidar injiniya ya koma baɗi. Shi gargaɗi da dakatarwa ta mako uku. Madam ta ce da mako ɗaya ne, biyun na ƙin faɗin inda ruwa ya tafi ne. Turakun kusurwar za a ƙara musu tsawo.

Na yi godiya. Amma taurin kan tsohon nan yana ba ni haushi har yanzu.

Asabar, 13 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na je Morrisania mayar da kwanukan Inna Habsatou, na zuba dubulan a ciki. Baba ya fita. Muna kicin na ce mata, "Inna, don Allah me zai hana ya ce ruwan ya zube, ko tiyo ya fashe? Mako biyu fa ya jawo wa kansa a banza."

Ta ci gaba da yanka albasa. "Ba ya ƙarya. Kuma ba ya iya hwaɗi."

"Faɗin me?"

Ta ajiye wuƙar ta juyo. "Ɗiyata, da kinka tashi daga kan bokitin nan, ba ki waiga ba. Shi ya gani. Bokitin, da ƙasan wurin, da hanyar da kinka bi har bakin titi. Ga Abdul-Jalil na tahe, ga masu gadi, ga mazan da ke aikin katanga. Ya jawo tiyo ya wanke duka, tun daga ramin har ƙohwa, sai da ƙasa ta koma kamar an yi ruwan sama. Abin da ya saura shi ya zuba ma bututun. Da ya zo gida bai iya buɗa-baki ba. Ya ce mini, gobe ki nemi kaza."

Na zauna a kan buhun shinkafarta. Mutumin da na ce yana auna ruwa da cokali.

Ta bar ni na yi kukana, ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai rage wutar gas. Can muka ji makulli. Na goge fuska na fito na durƙusa na gaishe shi. Na buɗe baki zan yi magana ya ɗaga hannu.

"A'a, Hasiya. Laihin ramin nawa ne, na ɗauka. Wancan kuwa ba laihi ba ne." Ya kalli bango. "Allah shi mayar miki da alheri. Allah shi ba ki rayayye."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai yau. Kuma tun ranar ba wanda ya yi mini wannan addu'ar, don ban bari kowa ya sani ba balle ya yi. Na ce amin.

Lahadi, 14 ga Afrilu, da safe

Talata, sha tara ga Maris, wajen ƙarfe sha ɗaya. Cikin ya zube, yana wata huɗu saura mako guda. Likita ta ce mace ce. Mun riga mun zaɓi suna, Aishatu Humaira, sunan mahaifiyar Sadiƙ. Safa uku na saya mata da hula ɗaya ruwan ɗorawa, suna cikin akwati a ƙarƙashin gado.

Na rubuta.

Ga Sadiƙ can a kicin yana neman sukari a inda ba a ajiye shi. Bari in ajiye biron nan in je in nuna masa, sauran kuma da baki zan faɗa masa.